Motar da Za Ta Kai Mariya Gida

Zakari dillalin bisashe ne a kasuwar Waca, kuma tun gashin kansa yana baƙi ba a taɓa jin ya sayi abu a kuɗin da aka fara gaya masa ba. Sana'arsa tana da ƙa'ida, shi kuwa ya riƙe ta kamar farilla. Ba ka nuna wa mai kaya kana son kayansa, balle ya san kana cikin matsi. In ya faɗi kuɗi ka taya, in ya ce albarka ka ƙara kaɗan, in ya ƙi ka kaɗe rigarka ka juya baya. Ba sauri ake yi ba. A hankali ake tafiya, ana gaisawa da mutane, kunne yana baya, har mai kaya ya ƙwala kira. Idan kuma aka kai ga "na sallama", to magana ta mutu, ko za a yanka mutum ba ya ƙara dala. Da wannan hali Zakari ya gina gidansa ya aurar da 'ya'yansa, kuma ba ya ɓoye cewa yana taƙama da shi.

Matarsa Mariya ta kwanta tun kafin shuka. Da farko an ce ciwon shawara ne, aka sha saiwoyi, aka sha rubutu. Da ciki ya fara kumbura, ƙafafu suka biyo, sai aka ɗauko ta zuwa asibiti a Magarya, 'yarsu Rahama ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya. Hatsi ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, Mariya tana nan kwance tana ƙarewa. Wata Talata bayan la'asar likita ya ja Zakari bayan ɗaki ya ce, "Malam, mun yi iyakar abin da za mu iya. Ku kai ta gida ta huta cikin 'yan'uwa." Mutumin da ya kai shekarun Zakari ba ya bukatar a fassara masa wannan magana.

Ita ma Mariya ba ta bukaci a gaya mata ba. Yana shigowa ta dubi fuskarsa ta ce, "Malam, ba Waca za ka kai ni ba. Ka kai ni wurin Inna. So nake ta yafe mini ina ji da kunnena."

Inna Shatu, mahaifiyarta, tana Garin Ɗan Azumi, can bayan Kwaya. Ta tsufa tukuf, idanu sun tafi, ko ƙofar gida sai an ɗauke ta. Babu wani babban laifi tsakaninsu da 'yarta, sai irin na uwa da 'ya, wanda ba ya faɗuwa amma mutum ba ya son ya tafi da shi. Zakari ya riƙe hannun matarsa, abin da bai saba yi a gaban 'ya'ya ba, ya ce, "Gobe warhaka kina ɗakin Inna, in Allah ya yarda."

Faɗar ta fi aikatawar sauƙi. Damina ta yi tsakiya, hanyar bayan Kwaya ta zama tafki da laka, motocin tasha ba sa ko leƙa ta. Babur yana ratsawa, amma Mariya ba ta iya zama a kan gado sai an tokare ta da matasai, ina ita ina babur. Motar asibiti kuwa kawo marasa lafiya take yi, ba ta mayar da su gida. Abin da ya rage shi ne babbar motar daji, wadda ake kira katkat, kuma a garin mutum ɗaya aka nuna masa mai ba da hayarta, wani Alhaji Maina, wanda ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suka fi ɗaukar motocinsa.

Zakari ya samo lambarsa ya buga masa salula da yammacin nan. Ya gaishe shi da murya a sake, ya ce iyali zai kai ƙauye su gaida tsohuwa. Bai ce daga asibiti ba. Bakinsa bai saba ba, shi ke nan dalili. Alhaji ya ce jika tamanin na sefa, da mai da direba, Zakari ya taya arba'in, aka ja, aka yi dariya, aka tsaya a sittin.

"Ka sallama, Alhaji?"

"Na sallama. Ka je biro da safe, yarona Hisham zai ba ka mota."

Kuɗi ba shi ne matsala ba, wannan ya kamata a sani tun yanzu. Zakari ya sayar da sansa na noma saboda jinya, kuma abin da ya rage yana ɗaure a aljihun 'yar cikinsa, ya isa shatar mota biyu. Ya kira Sadisu, ƙanen Mariya, aka yi sa'a yana kan tudun bayan gari, wurin da kaɗai salula ke kamawa a ƙauyen, ya ce a gaya wa Inna gobe Mariya tana tafe.

Da gari ya waye Mariya ta yi wani irin sauƙi mai ban tsoro. Ta sa Rahama ta goge mata jiki, ta ɗaura mata zanenta na Salla, ta zizara mata kwalli. Ta ce ba za ta je gaban uwarta da fuskar ciwo ba, ko da uwar ba ta gani. Har ta sha kunu rabin kofi. Da Zakari zai fita ta ce, "Malam, kada ka daɗe."

Biron Alhaji Maina, wato ofishinsa, ɗaki ɗaya ne a bakin hanya, da fili a gefensa. A filin mota ɗaya ce tak, fara, direba yana wanke ta. Hisham saurayi ne mai gilashi da ladabi, ya miƙe ya ba Zakari kujera, ya ce Alhaji ya gaya masa da zuwansa. Sannan ya ce, "To Baba, jika sittin na shata, sai jika goma sha biyar na asurans."

Zakari ya tsayar da hannunsa a bakin aljihu. "Na me?"

"Asurans, Baba. Duk motar da za ta sauka daga babbar hanya da damina sai an biya shi. In ta faɗa ruwa ko wani abu ya karye, ba ruwanku, masu asurans ne za su biya."

"Ka ji mini yaro. Motarku ce, shofarku ne zai ja ta. In ya jefa ta ruwa, ni zan biya tun bai jefa ba?"

"Haka ake yi tun bara, Baba, da ruwa ya ci mana mota a hanyar Dungas."

"To in na maido muku ita lafiya lau, za ka maido mini kuɗina?"

"A'a, ba a maidowa."

"Kenan iska na saya." Zakari ya gyara zama. "Jiya da bakina na yi magana da Alhaji. Jika sittin, ya ce ya sallama. Bai ce da asurans ba, bai ce da ƙanen asurans ba. Mu inda muka fito, in namiji ya ce ya sallama, ba a biyo bayan maganarsa da wata jela."

"Mantawa ya yi, Baba. Mutanen da muka saba da su duk sun san da shi, shi ya sa bai faɗa ba."

"Kira mini shi."

Hisham ya kira, ya sake kira. Alhaji ya kama hanyar Damagaram tun asuba, salularsa ba ta shiga.

A nan ne halin ya motsa, kuma wallahi ya motsa a ranar da ba ta dace ba. Kada a yi wa Zakari ƙarya, ba rowa ba ce, kuma ba don bai damu da matarsa ba ne. Da an ce masa ya ba da duk abin da ke aljihunsa sadaka don Mariya ta ƙara kwana ɗaya, da ya miƙa har da hular kansa. Amma a ce an sallama masa, sannan a ɗora masa ƙari a gaban tebur, kamar baƙauyen da ya shigo gari jiya, wannan shi ne abin da jikinsa ya ƙi karɓa tun kafin hankalinsa ya yi magana. Ga kuma Mariya ta tashi da ƙarfi har ta sha kunu. Ya ga akwai lokaci.

"Kawo hannunka," ya ce. "Na ba ka jika biyar, ka sha ruwa, a wuce wurin."

"Baba, ba tayawa ake yi ba. Kuɗin nan ba nawa ba ne, ba na Alhaji ba ne."

Zakari ya kusa yin dariya. Duk mai ragon da ya taɓa tsayawa a gabansa haka yake cewa, ba nasa ba ne, aiko shi aka yi. Ya ƙara jika biyu. Hisham ya girgiza kai. Sai Zakari ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "To, Allah bai yi ba. Ku riƙe motarku." Ya fita, ya bi ta gaban farar motar ko kallonta bai yi ba, ya kama tafiyarsa ta kasuwa, a hankali, kunne yana baya.

Ya kai kwanar titi bai ji kira ba. Bai damu ba, yaran gari ba su iya ƙwala kira ba, sai dai su bugo salula, kuma lambarsa tana wurinsu. Ya sami bencin mai shayi ƙarƙashin dogonyaro ya zauna, ya ɗora salula a gwiwa. Mota ɗaya a fili, safiya tana wucewa, wane ɗan kasuwa ne zai bar jika sittin su tafi? Ya sha shayi. Salula ta yi ƙara, ya zabura, ashe Rahama ce.

"Baba, mun ɗaure kaya. Mama tana ta tambaya."

"Ki ce mata ga ni nan tafe."

Hantsi ya ɗaga, inuwa ta fara janyewa daga bencin. Sau da yawa ya yunƙura zai koma, sai ya tuna wanda ya fara komawa shi ne ya faɗi. Can sai ga farar motar ta karyo kwana, tana tafe a hankali saboda ramuka. Zakari ya ce a ransa, to ga shi, har da mota aka biyo ni. Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya haɗiye murmushi don kada yaron ya ga ya ji daɗi. Motar ta zo daidai shi ta wuce. A ciki akwai wasu mutane masu riguna iri ɗaya da akwatuna a bayansu, babu wanda ya ko dube shi.

Bai san yadda ya isa biron ba. Dattijo ne mai nauyin jiki, amma ranar da gudu ya tafi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Ina motata?"

Hisham ya miƙe a firgice. "Baba, ai kun ce kun fasa. Mutanen wani furoje na agaji suka zo suna neman mota zuwa Mallawa, na ba su."

"Wa ya ce maka na fasa? Tafiya na yi!"

"To ai na ga kun tafi."

"Ai kira ake yi! Kira ake yi, ɗan nan! Ba a koya maka ba?" Ya zaro ƙullin kuɗin gaba ɗaya ya zube a kan tebur. "Ga shi, ɗauki asurans ɗin, ɗauki biyu. Ka kira su su dawo. Matata ce, tana asibiti, likita ya sallame ta. Wurin uwarta take son ta cika."

Fuskar Hisham ta sauya. Ya cire gilashinsa ya ce, "Innalillahi. Baba, don me ba ku faɗa ba? Da kun faɗa, wallahi da ni zan cika kuɗin daga aljihuna, ko na riƙe muku motar."

Don me bai faɗa ba? Zakari ya sauke takalmin da ke hannunsa ƙasa.

Yaron ya yi ƙoƙari, gaskiya ce dole a faɗe ta. Ya kira direba, mutanen suka ce magunguna suka ɗauko cikin ƙanƙara, ana jiransu, ba za su iya juyowa ba, sai gobe in hanya ta bari. Ya kira wasu masu motoci da ya sani, wannan tasa tana garaji, wancan tasa tana Damagaram. Zakari ya kwashi kuɗinsa ya nufi tasha. Ya tsaya gaban direbobi, shi da bai taɓa roƙon kowa a kasuwa ba, yana cewa kowa ya faɗi abin da yake so. Suka tausaya masa, suka ce ba kuɗin ba ne, Baba, ƙananan motocin nan ko Kwaya suka wuce za su nutse, a kwana da marar lafiya cikin daji. Ya zaga garin nan har rana ta karkata, kuɗin yana hannunsa a fili, babu mai karɓa.

Da ya shiga ɗakin asibiti ya tarar da Mariya a jingine, da ɗankwalinta da mayafinta, kaya a ɗaure a gefen gado. Ƙarfin safiya ya tafi, numfashinta ya koma sama sama. Ta dube shi.

"Ina motar, Malam?"

"Gobe da sassafe, in Allah ya yarda. An ɗan sami tangarɗa."

Mace ba ta shekara talatin da wani abu da namiji ta kasa karanta fuskarsa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a hankali, "Tayawa ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. Da ta yi faɗa, da ta yi kuka, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya ta ce, "Rahama, kwance mini ɗankwalin nan, ya matse ni."

Suka yi ta neman Sadisu a salula ko za a ɗauki Inna a amalanke zuwa tudun bayan gari ta ji muryar 'yarta, amma mutanen ƙauyen duk suna gida suna jiran mota, babu wanda ya hau tudu. Zakari ya zauna a ƙasa kusa da gadon. Ya ce, "Mariya, ki yafe mini."

"Na yafe maka, Malam. Ai halinka ne, da shi ka ciyar da mu." Ta huta, ta tattaro sauran ƙarfinta. "In ka je, ka roƙa mini Inna. Ka ce na shirya, har kwalli na sa."

Ana kiran sallar la'asar ta fara kalmar shahada, Rahama tana taya ta. Kafin rana ta faɗi Mariya ta cika.

Da yammacin aka yi ruwa mai yawa. Sadisu ya gaji da jira ya hau tudu, a can ya ji labari, ya ratso da babur ya iso da asuba jiƙe da laka. Babu motar ɗaukar gawa, babu tabbacin hanya, malamai suka ce ba a ajiye mamaci ana jiran abin da ba a da tabbas. Aka yi mata sutura aka kai ta maƙabartar Magarya, aka rufe ta cikin mutanen da ba ta sani ba.

Suna fitowa daga maƙabarta, ƙasa ba ta bushe a hannun Zakari ba, salularsa ta yi ƙara. Alhaji Maina ne. Bai ji rasuwar ba tukuna. Ya ce yanzu yaronsa ya ba shi labari, kuma laifinsa ne, shi ya sallama bai ambaci asurans ba, don haka shi zai biya. Mota ta dawo, tana nan cike da mai, Malam ya zo ya ɗauka a jika sittin ɗin da suka yi. Zakari ya sauke salular daga kunne, Sadisu ya karɓa ya yi bayani.

Zakari bai so ya ko ga motar ba. Amma ga Rahama, ga kayan jinya, ga matan da suka zo gaisuwa daga Waca, kuma a ɗakin Inna za a yi zaman makoki. Sadisu ya ce a karɓa. Haka farar motar ta ɗauke su ta ratsa laka da tafki kamar ba komai ba, kafin azahar sai ga su a Garin Ɗan Azumi. Duk hanyar Zakari bai waiwayi kujerar baya ba.

Tun da ya auri Mariya bai taɓa shiga ɗakin surukarsa ba, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. Yau ma ya cire takalmi ya durƙusa a nan. Tsohuwar tana zaune a kan buzu, ƙarama kamar yarinya, a gefenta ga sabuwar tabarma da aka shimfiɗa tun jiya da matashi a kai. Suka yi wa juna gaisuwa. Sannan ya ce, "Inna, ta bar mini saƙo. Ta ce ku yafe mata. Ta ce ta shirya za ta zo."

"Na yafe mata duniya da lahira," in ji tsohuwar. "Tun tana ciki na yafe mata. Sai dai ba ta ji ba." Ta karkata kai wajen ƙofa. "An ce da ni mota ce ba a samu ba. To wannan da na ji kukanta yanzu fa?"

Sadisu ya yi sauri zai amsa, Zakari ya ɗaga masa hannu.

"An samu tun jiya, Inna. Ƙarin kuɗi aka yi mini a kan abin da muka shirya, na tsaya ciniki."

Tsohuwar ta daɗe tana murza carbinta. Da ta yi magana babu gatse a muryarta ko kaɗan, tambaya ta yi kamar yadda ake tambayar wanda ya dawo daga kasuwa.

"To, an rage maka?"

Hawaye suka zubo masa har gemu.

"An rage, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Sannan ta miƙa hannu ta laluba gefenta, ta ɗauke matashin, ta fara naɗe tabarmar.